Tambaya da Amsa: Wai za a kashe AM da FM, gidajen rediyo su koma Facebook?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ni furodusa ce a gidan rediyon wata jiha a Arewa, shekarata goma sha ɗaya ina shirya shirin manoma da na mata. Wata bakwai ke nan transmitarmu ta AM tana kwance, ta FM kuma da rabin ƙarfi take aiki, ba ta wuce ƙananan hukumomi huɗu ko biyar da ke kewaye da babban birni. Makon jiya aka tara mu, aka kawo wani ƙwararre da majigi. Ya ce gyaran transmita asarar kuɗi ce, domin akwai yarjejeniyar duniya da za ta kashe AM da FM baki ɗaya, kuma yanzu kowa yana da waya. Shawararsa ita ce a sayi kyamarori, a mayar da situdiyo wurin yin shiri kai-tsaye a Facebook da YouTube, wai har daloli tasha za ta riƙa samu. Shugabanninmu suka yi ta tafi. Ni kuwa tun ranar barci ya ƙaurace min, don mutanen da nake yi wa shiri yawancinsu ko babbar waya ba su da ita. Da gaske zamanin gidajen rediyo irin namu ya wuce? In fara neman wata sana'a tun da sauran ƙarfina?

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Ki koma ki yi barcinki. Gidan rediyonku yana cikin haɗari, ba zan ɓoye miki ba, amma ba daga inda mai majigi ya nuna muku haɗarin zai zo ba.

Babu wata yarjejeniyar duniya da ta sa ranar kashe AM ko FM. Babu ita. Abin da mutumin ya tsinta a bakin mutane ya haɗa da nasa shi ne yarjejeniyar Janiba ta 2006, wadda ta sa 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adin komawar talabijin daga analog zuwa dijital a Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya. Talabijin na ce. Zangon FM, daga 87.5 zuwa 108, ba ya cikin wannan wa'adi, balle matsakaicin zango na AM. Ita kanta komawar ta talabijin, ki duba yadda ta kaya a Najeriya: an sa 2012 aka saɓa, aka sa 2015 aka saɓa, aka sa 2017 aka saɓa. An ƙaddamar a Jos a Afrilun 2016, aka bi da Abuja a ƙarshen 2016, Kaduna da Ilori a ƙarshen 2017, Kano sai 2021, kuma shekara goma bayan wa'adin ba a kammala ba. Ƙasar da ta kasa kai dikoda gidajen masu talabijin, ita ce za ta tattara akwatunan rediyon talakawa ta ce sun daina aiki?

Zai ce miki Norwe ta yi. E, ta kashe FM na tashoshinta na ƙasa a 2017. Mutanenta ba su kai miliyan shida ba, wuta ba ta ɗaukewa, kuma ba Facebook suka koma ba, rediyon dijital ne wanda shi ma transmita ke watsa shi daga kan turken eriya. Ƙananan tashoshinsu na gari-gari ma an bar su a FM. Gidan rediyon jama'a na Suwizalan ya bi sahu a ƙarshen 2024, alƙaluman farko suka nuna masu sauraro da yawa sun tsere wa tashoshin 'yan kasuwa da na maƙwabta. Birtaniya, mai BBC, har yau FM na aiki.

To bari in zauna a kan maganar "kowa yana da waya", don ita ce ta fi ci min rai. Babu taron da zan je ban ji ta ba, kuma kullum daga bakin wanda bai taɓa kwana a ƙauye ba tun da ya gama hidimar ƙasa.

Ɗauki biro mu yi lissafi. Sauti zalla, ba hoto, a kan kilobit 64 a daƙiƙa, yana cin kusan megabait 29 a awa ɗaya. Matar da kike yi wa shiri tana kunna rediyo tun da hantsi, tana wanke-wanke yana yi, tana tace awara yana yi, tana ɗora tukunyar dare yana yi. Mu rage mata, mu ce awa uku a rana. A wata ta ci sama da gigabait biyu da rabi. Idan bidiyo ne kai-tsaye irin wanda ƙwararrenku ke so, ki ninka sau da yawa. Wa zai saya mata? Mijin da ke lissafin kuɗin taki? A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari. Akwatin rediyonta kuwa batir biyu ne, ko ɗan farantin sola a bayansa, kuma ba wanda zai turo mata saƙo cewa datarta ta ƙare a tsakiyar bayanin likita. Su kansu masu ƙaramar waya mai tocila da ake ƙirgawa cikin "masu waya", da me suke jin labarai a kanta? Da FM. Suna soka iyafis ya zama eriya. Wato mutumin ya ƙirga masu sauraron FM ya kafa hujjar kashe FM da su.

Ke ma'aikaciya ce, kin san bambancin, amma shugabanninki da alama sun manta: transmita ba ta san yawan masu sauraronta ba. Man da za ta sha idan mutum goma ke ji, shi za ta sha idan miliyan biyu ne. A intanet kowane kunne da nasa kuɗin, wani ne zai biya, kuma a ƙasarmu talaka ne wannan wanin. Duk wanda ya ce a kashe turke a koma waya, abin da yake faɗa a fakaice shi ne a sauke kuɗin watsa shiri daga kan gwamnati a ɗora wa mai sauraro.

A bar maganar kuɗi. A Satumban 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, aka bi da ƙananan hukumomi da dama a Katsina da Sakkwato da Kaduna. Makonni mutane ba kira, ba WhatsApp, ba tura kuɗi. Wasu sai sun yi tafiya zuwa wata jiha kafin su gaya wa ɗan'uwa an yi rasuwa. A lokacin da me gwamnati ke gaya wa jama'a an rufe kasuwa kaza, an hana sayar da mai a jarka? Da rediyo. Da a ce tashoshin jihohin nan sun bi shawarar mai majigi shekara guda kafin haka, da gwamnati ta toshe bakinta da hannunta. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice daga Abijan har Legas. Ba wanda ya ji rediyo ya yi ko tari.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ke irin wannan gaggawar. A Janairun 2023 BBC ta rufe rediyonta na Larabci bayan shekara 85, da sunan tsimi da komawa dijital. Wata uku ba su cika ba yaƙi ya ɓarke a Sudan, intanet da wuta suka yi ta ɗaukewa, a watan Mayu sai ga BBC ta buɗe shirin gaggawa na Larabci a gajeren zango don mutanen Sudan. Kafin shekara ta ƙare ta sake buɗe wani don Gaza. A Labanan kuwa, zangon da ta bari kafar yaɗa labaran Rasha ce ta hau kai, kuma shugaban BBC na lokacin da bakinsa ya koka da haka. Su da ke da kuɗi da injiniyoyi sun iya komawa cikin makonni. Ku idan kuka bar turke ya yi shekara biyu a kashe, ba za ku tarar da komai ba.

Na san abin da nake faɗa, don na gani. Bayan na yi ritaya aka roƙe ni in duba wata tashar AM da ke bayan gari, a wata jiha da ba zan ambata ba. Na tarar da maigadi, wani dattijo mai kirki, ya shuka wake a filin eriya, kuma ban ga laifinsa ba, wata biyar ba a biya shi ba. Wayoyin tagulla da aka binne kewaye da turken, waɗanda su ne rabin eriyar, 'yan jari-bola sun tone sun kwashe. A cikin ɗakin, AC ya mutu, ƙurar hunturu ta kwanta a kan allunan na'ura har za ka iya rubuta sunanka da yatsa, zanzaro ya yi gini a bakin fanka. Na tambayi asalin matsalar. Wani ɗan ƙarfe ne ya ƙone, wanda kuɗinsa bai kai na tayoyin motar shugaban tasha ba. Aka kawo min fayil ɗin. Injiniyan tashar ya rubuta takarda tun makon farko. Ta je wurin darakta, ta je ma'aikatar yaɗa labarai, ta je ta kuɗi, ta dawo a sake kawo farashi daga kamfani uku, kafin a kawo dala ta tashi, aka ce a sake lissafi. Na ƙirga sa hannu goma sha ɗaya. Na ƙarshe ya rubuta KIV da jan biro, wato a ajiye tukuna. Abin da allura za ta tono a watan farko, lokacin da na je ko garma ba ta tono shi.

To me ya sa kyamara ke samun tafi, transmita ba ta samu? Saboda kyamara ana ganinta. Za a yi wa situdiyo fenti, a sa fitilu masu launi, mai girma ya zo ya yanke kyalle, a ɗauki hoto. Sayen sabon kaya kwangila ce, kwangila kuma da 'yan rakiyarta. Gyara ba shi da biki. Manomin da ke iyakar jiha, wanda ya murɗa akwatinsa ya ji shuuu, ba shi da hanyar kai ƙara, sai ya koma tashar maƙwabta ko ta waje, a ce ai ba ya sauraron rediyon jiha.

Sai dalolin. Kamfanonin nan suna biya ne gwargwadon tsadar talla a ƙasar mai kallo, kuma idon ɗan Najeriya yana cikin masu araha. Ko wannan 'yar ladar, waye ke samunta? Wanda ya tara jama'a. Me ke tara jama'a? Faɗa, tonon silili, malami ya yi wa malami raddi, jaruma ta rabu da miji. Shirinki na yadda za a gane tsutsar sharon a ganyen tumatir tun kafin ta cinye gona, irin ta'adin da ta yi a Kaduna da Kano a 2016, ba zai taɓa yin tashe ba. Amma saboda irin wannan shirin aka kafa ku. Ranar da albashinku ya dogara da yawan masu danna shafi, ranar za a ce ki ajiye shirin manoma ki kawo wanda zai zagi wani. Lokacin korona a 2020, da aka rufe makarantu, ta rediyo jihohi irin su Kano da Kaduna suka riƙa ba yara darasi. Wane ɗan kasuwa ne zai sayi talla a darasin lissafi na aji huɗu?

Kuma shafin ba naku ba ne. Kayan aro ba ya rufe katara. A Agustan 2023 kamfanin Meta ya toshe labarai a Facebook da Instagram a Kanada saboda rigimarsa da gwamnati kan wata doka, har da na gidan rediyon jama'a na ƙasar, a daidai lokacin da gobarar daji ke korar mutanen garin Yellowknife daga gidajensu. Kanada ke nan. Ku da za a rufe muku shafi gobe saboda wasu sun haɗa baki sun kai ƙara, wa za ku kira? A nan gida gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Ki tuna kuma daren ruwan gishiri a Agustan 2014, lokacin Ebola. Ta waya jita-jitar cewa ruwan gishiri na kare mutum daga cutar ta zaga ƙasa kafin asuba, mutane suka yi wanka suka sha, har aka rasa rayuka. Dole a sami wata murya a wajen wannan kasuwar, wadda idan ta ce ƙarya ne za a yarda.

Kada ki ɗauke ni tsohon da ke gaba da zamani. Matasan birni suna kan waya, tashar da ba ta bi su can ba za ta tsufa tare da masu sauraronta. Ku buɗe shafukan, ku yanka shirye-shirye gajeru-gajeru na minti biyu uku ku tura ta WhatsApp, su ne ke yawo daga waya zuwa waya har wurin mai cajin waya a kasuwar ƙauye. Wannan ba ya buƙatar kwangila, waya ɗaya mai kyau da ma'aikaci mai himma sun isa. Ban kuma rantse sai AM ba. Tsofaffin transmitoci masu bawul suna zuƙar wuta, na zamani sun fi su sauƙi nesa ba kusa ba, kuma a wata jihar ƙananan tashoshin FM uku huɗu masu sola, ɗaya a kowace shiyya, za su fi araha. Wannan muhawara ce ta injiniyoyi, ina maraba da ita. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a zubar da ruwan randa don an ga hadari.

Haɗarin gaske biyu ne, kuma kin san su fiye da ni. Na farko kuɗi. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin, kuma ba a ɗora musu miƙa shi ga gidajen rediyo ba. A Birtaniya gida mai kallon talabijin ya biya kuɗin lasisi fam 174.50 a shekarar da ta fara daga Afrilun 2025, a Jamus yuro 18.36 duk wata, su ma ana ta ja-in-ja a kai, Faransa ta soke nata a 2022. Ku kuwa an ce ku nemi na kanku. Shi ya sa kuke sayar da awa guda ga mai maganin da ke warkar da sikila da ciwon suga da rashin haihuwa da kwalba ɗaya, ku sayar da ta gaba ga sojojin baka. A Agustan 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashi kafin daga baya ta janye, kuma da yawa a jerin na gwamnatocin jihohi ne.

Na biyu, waye mai tashar. Tun 2002 hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Afirka ta ce a mayar da gidajen rediyon gwamnati na jama'a, masu hukumar gudanarwa mai cin gashin kanta. Mu har yau labarai na farawa da mai girma, su bi da uwargidansa. A Oktoban 2022 gwamnatin Zamfara ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi, ciki har da NTA ta Gusau, don sun ɗauki taron 'yan adawa. Nijar ta dakatar da RFI a Agustan 2023, ta dakatar da BBC wata uku a Disamban 2024. Tashoshin waje da mutanenmu suka jingina da su ma ba tabbas: Sashen Hausa na Muryar Amurka, da ke magana tun 1979, ya yi tsit a tsakiyar Maris 2025 bayan umarnin shugaban ƙasarsu, masu sauraro suka kunna suka ji kiɗa, har wasu na tambaya ko juyin mulki aka yi a Amurka. Wannan giɓin ku ya kamata ku cike. Rediyon Kaduna da aka kafa a 1962 ya taɓa yin haka, ana kama shi a mita 49 har zangunan Gana da Kamaru, katunan Zaɓi Sonka na zuwa buhu-buhu. Kyamara ba ta maganin ko ɗaya cikin biyun nan. Labaran mai girma a Facebook labaran mai girma ne, sai dai yanzu za a zage ku a ƙasan shafi.

Game da sana'a, kada ki tafi saboda tsoro. Ki koyi tace sauti da bidiyo a waya, zai amfane ki ko ina kika samu kanki. Wanda ya iya sa tsohuwa ta saki jiki ta yi magana a gaban makirfo ba ya rasa aiki. Sannan ki shiga ɗakin ajiyar kaset ɗinku, in da saura, ki matsa a kwafe su cikin kwamfuta kafin damina ta sake bi ta kansu. Wannan ne aikin dijital da ya fi gaggawa a gidanku, kuma na tabbata mai majigi bai ambace shi ba.

Ki kuma ɗauki rikoda ki je ƙaramar hukumar da ta fi nisa da ku ranar kasuwa. Ki tambayi mutum ashirin yaushe rabon su ji tasharku, da wacce suke ji yanzu. Ki haɗa muryoyin minti biyar, ƙungiyarku ta ma'aikata ta kai wa kwamitin yaɗa labarai na majalisar jiha, musamman ɗan majalisar yankin, wanda zaɓe ke tafe kuma ba a jin muryarsa a mazaɓarsa. Idan ƙwararren ya dawo, ki ɗaga hannu cikin ladabi ki roƙe shi sunan yarjejeniyar da shekarar da aka sa mata hannu.

FM ɗin nan mai rabin ƙarfi kuwa, kafin a ce ta mutu, ki ce wa injiniyanku ya duba abu uku: ko ruwa ya shiga kebul ɗin da ke hawa turke, ko ƙura ta toshe matatar iska, ko ɗaya daga cikin akwatunan ƙara ƙarfi ya ƙone. Sau da yawa na'urar ce ke rage wa kanta ƙarfi don kada ta kama da wuta. Ya rubuto min ƙirarta da lambar da agogon wutar da ke dawowa daga eriya yake nunawa, zan gaya masa inda zai fara kwancewa.